Ƙwannafi ne ko zuciya? Amsa ga mai tambaya a kan ciwon mahaifiyarta

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 61, ta kai shekara goma tana fama da ciwon suga da hawan jini. Yau kwana biyar ke nan tana kukan ƙwannafi da wata irin kasala da ba mu saba gani ba. Idan ta yi shara ko ta ɗauko bokitin ruwa sai ta tsaya tana haki, ta ce wani abu ya tokare mata ƙirji, har muƙamuƙinta yana yi mata tsami, in ta zauna kuma sai ya lafa. Shekaranjiya da dare ta farka jiƙe da gumi alhali garin da sanyi. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba ta magani. Yayana yana cewa mu kai ta asibiti, ita kuma ta ce kada a tayar wa mutane da hankali a kan ƙwannafi. Shin wannan zai iya zama ciwon zuciya, tunda ba ta faɗi ba, kuma ciwon ba mai tsanani ba ne?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya yi miki albarka da kika sa ido. Kafin dogon bayani bari in faɗa miki abin da ba ya jira: maganar yayanki ita ce daidai. Ku kai ta asibiti yau ɗin nan, asibitin da yake da na'urar awon lantarkin zuciya, wanda ake kira ECG. Kada ku bari sai an ga yadda maganin kemis zai yi, kada kuma ku bari sai ranar da take da layin ganin likitan suga. In kin karanta wannan da dare, da daren za ku tafi.

Tambayarki ita ce ko zuciya tana iya shiga hatsari mutum yana tsaye da ƙafafunsa, yana hira, ba ya ihu. E, tana iyawa, kuma a wajen mace mai shekarun Hajiya da ke da suga, haka abin ya fi zuwa. Ban ga Hajiya ba, ban ɗora mata abin sauraro a ƙirji ba, saboda haka ba zan yanke miki cewa zuciya ce ba. Amma abin da kika zayyana ya ishe ni in ɗauke shi a matsayin zuciya har sai gwaji ya wanke ta.

Wane ciwon zuciyar ake nufi

A bakinmu "ciwon zuciya" suna ne mai faɗi. Da shi muke kiran zuciyar da ta gaji har ƙafafu suka kumbura, da shi muke kiran wadda ke kama masu jego, irin wadda likitoci a Zariya suka yi ta rubutu a kanta tun shekarun 1970, da shi kuma muke kiran baƙin ciki. Wanda muke magana a kai daban ne, shi ne wanda gidajen rediyo ke ce wa bugun zuciya.

Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana ɗaya. Duk da jinin jiki gaba ɗaya ta cikinta yake wucewa, ba daga shi take ci ba kai tsaye. Tana da nata jijiyoyin da ke kwance a jikinta ta waje suna shayar da ita, kaurinsu bai fi milimita 3 zuwa 4 ba, kamar bututun tawada na cikin biro. Suga, hawan jini, taba da yawan kitse a jini suna cin bangon waɗannan jijiyoyi a hankali shekara da shekaru, kitse ya riƙa taruwa a jikinsu, hanya ta ƙuntata. Duk wanda ya taɓa ganin noman rani ya san abin da ke faruwa idan laka ta cushe hanyar ruwa: da safe fangalin yana nan kore shar, da rana ta take sai ganye ya yi yaushi, don ɗan ruwan da ke ratsawa bai isa ba. Haka zuciya take. Hajiya na zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya wadatar. Ta ɗauki tsintsiya ko bokiti, zuciya ta nemi ƙari, hanya ta gaza, sai ƙirji ya tokare. Ta zauna, buƙata ta ragu, ya lafa.

Wannan "in ta yi aiki ya zo, in ta zauna ya tafi" shi ne ya fi ɗaga min hankali a wasiƙarki. Olsa ruwanta da abinci ne da yunwa, da yaji, da kwanciya bayan an ƙoshi. Ba ruwanta da shara. Ciwon da tafiya ko hawa bene ko ɗaukar kaya ke tayarwa, hutu ya kwantar da shi cikin mintuna, zuciya ake fara tuhuma.

Sai kuma daren shekaranjiya. Wata rana fatar da ta rufe kitsen nan takan tsage, jini ya daskare a wajen, gudan jini ya toshe hanyar. In toshewar ba ta cika ba, ko gudan ya narke ya sake haɗuwa, ciwon ya riƙa zuwa yana tafiya, har ya fara zuwa mutum na kwance. In ta cika, naman zuciyar da ke gaban wurin yakan fara mutuwa cikin minti 20 zuwa 30, ɓarnar ta ci gaba da faɗaɗa awa bayan awa, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa, tabo yake zama. Ciwon da ya fara sabo cikin kwana biyar, sannan ya tashi mutum daga barci da gumi, yana iya zama gargaɗin ƙarshe kafin babbar toshewa, yana kuma iya zama an riga an yi ƙarama.

Me ya sa yake shigar burtu

Fata ta iya nuna wurin ciwo. Ƙaya ta soke ki, da yatsa ɗaya za ki nuna. Zuciya ba haka take ba. Jijiyoyin da ke ɗauko saƙon ciwo daga gare ta suna shiga lakar ƙashin baya ne a daidai inda na ƙirji da kafaɗa da hannu ke shiga, sai ƙwaƙwalwa ta rasa takamaiman inda saƙon ya fito. Shi ya sa wani zai ce hannun hagu ne ya yi masa nauyi, wani ya ce tsakanin kafaɗu, wani wuya, wani har wajen likitan haƙori zai je saboda muƙamuƙi. Ƙasan zuciya kuma a kan tantanin da ya raba ƙirji da ciki yake zaune, dab da tumbi. Idan nan ne jinin ya yanke, abin da mutum zai ji shi ne zafi a bakin ciki, gyatsa, tashin zuciya, wani lokaci amai. Ba laifin mai ciwo ba ne in ya rantse cewa ƙwannafi ne.

Yawancin waɗanda nake gani ba sa ma cewa "ciwo". Sukan ce nauyi, ko danna, ko "kamar an ɗora min buhu", ko "kamar an ɗaure ni da igiya", ko "abu ya tsaya min a nan". In na ce su nuna min wurin, sai su dunƙule hannu ko su shimfiɗa tafi a tsakiyar ƙirji. Na daɗe da daina tambayar "kina jin ciwon ƙirji?", don dattijuwa za ta ce a'a da gaskiyarta. Abin da nake tambaya shi ne me take ji a ƙirjin, kuma me take yi lokacin da ya zo.

Suga yana ƙara rikita lamarin. Yadda yake kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya taka ƙusa bai sani ba, haka yake dusashe masu kai saƙo daga zuciya. Mai suga na shekara goma zai iya samun toshewa babba, abin da zai ji kawai haki ne, ko gumi, ko kasala, ko a ga sugansa ya haura ba dalili. A binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948 ana bin lafiyar mutane shekara da shekaru, an tarar fiye da ɗaya cikin huɗu na bugun zuciyar da aka samu ba a gane su a lokacinsu ba, sai daga baya awon ECG ya nuna tabon. Mata ma nauyin ƙirji shi ne alamar da suka fi ji, kamar maza, sai dai sun fi maza zuwa da rakiyar haki, tashin zuciya, ciwon baya da gajiyar da ba ta da dalili, sai rakiyar ta danne ainihin alamar. Ga kuma halin iyayenmu mata na dauriya da kawaici. Matar da ta yi naƙuda takwas ba ta ɗaga murya ba, ba za ta tashi gida da dare a kan nauyin ƙirji ba.

Gumin nan kuwa kada ki raina shi. Gumi mai sanyi, mai danƙo, wanda ke keto wa mutum yana zaune ko yana kwance cikin sanyi, fuska ta yi fari fat, a wajena ya fi tsananin ciwo faɗar gaskiya.

Wani dare da ban manta ba

Ina sabon likita, wani ɗan kasuwa mai kimanin shekara 50 ya zo min bayan isha'i, lokacin hunturu. Ya ce iska ce ta cika masa ciki tun da ya ci tuwo, yana ta gyatsa, yana shafa bakin cikinsa. Na lura kaftaninsa ya jiƙe ta baya har ya manne masa, yana share goshi da hularsa, mu kuwa duk muna cikin rigunan sanyi. Na gani da idona, amma da ya ce ai dama yana da olsa, sai na bi bakinsa. Na ba shi maganin ƙwannafi, ya ce ya ɗan ji dama, na sallame shi. Da asuba 'ya'yansa suka dawo da shi ranga-ranga, numfashi da ƙyar. Awon ECG ya nuna jijiyar ƙasan zuciya ce ta toshe tun daren. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, amma zuciyar ba ta koma yadda take ba, daga baya ko masallacin unguwa sai ya huta a hanya. Awon da bai fi minti biyar ba ne na hana shi a daren. Tun daga ranar, duk wanda ya haura shekara 40 ya zo min da zafin bakin ciki da gumi, ba ya fita sai an manna masa wayoyin nan a ƙirji.

Abin da na koya a kansa ya shafi Hajiya kai tsaye: jin sauƙi bayan shan maganin olsa ko ruwan kanwa ba ya wanke zuciya. Ciwon dama zuwa yake yana tafiya, sai lafawarsa ta dace da shan maganin, a ba magani ladan da ba nasa ba.

Idan kuma ba zuciya ba ce fa

Yana yiwuwa. Gumin dare a wajen mai suga kan zo idan suga ya faɗi ƙasa, musamman ga mai yin allurar insulin ko shan wasu ƙwayoyin ba ta ci abincin kirki ba. Haki da kasala kan zo daga ƙarancin jini, ko ƙoda da ta fara gazawa, ko ruwa a huhu. Tarin fuka ma yana sa gumin dare. Olsar gaske ma tana nan. Ciwon da ake nunawa da kan yatsa, wanda ke ƙaruwa in an danna wurin ko an juya jiki, ko mai suka na daƙiƙa biyu ya wuce, galibi na tsoka ne ko haƙarƙari. Sai dai duk waɗannan ba a tantance su a tsakar gida ko a kan kantar kemis, kuma rabinsu ma da kansu sun isa a je asibiti. In kuka je aka ce ba zuciya ba ce, kun yi asarar kuɗin mota da na gwaji. In kuka zauna ta tabbata zuciya ce, abin da za a rasa ba a sayensa.

Akwai tsohuwar magana cewa wannan ciwon Turawa ne da masu kuɗi. A da can ba a cika ganinsa a asibitocinmu ba, gaskiya ne. Yau abinci ya canza, zama ya yi yawa, suga da hawan jini sun shiga kusan kowane gida, matasa sun rungumi shisha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 17.9 ne cututtukan zuciya da jijiyoyin jini suka kashe a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Mutuwar farat ɗaya da muke yawan ji, "lafiya lau muka rabu jiya", in kika zauna da iyalin kika bi labarin a hankali, sau da yawa za ki ji an yi kwanaki ana kukan ƙwannafi.

Abin da za ku yi yanzu

Ku nufi babban asibiti ko asibitin koyarwa, sashen gaggawa. Irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri suna da likitocin zuciya. In kuna nesa da irinsu, ku fara da mafi kusa mai ECG, su tura ku gaba in da buƙata. Kada Hajiya ta taka da ƙafa zuwa bakin titi, a kawo abin hawa ƙofar gida, kuma a mota ko Keke Napep za a ɗauke ta, ba a bayan babur ba, don tana iya suma a hanya.

Da kun isa, kada ki ce "olsa ce ta tashi", don da wannan kalmar za a sa ku a dogon layi. Ki ce: mai suga ce da hawan jini, kwana biyar ƙirjinta na tokarewa in ta yi aiki, ya taɓa tashinta da dare da gumi, muna tsoron zuciya ce. Ƙa'idar aiki ita ce a yi wa irin wannan mara lafiya ECG cikin minti 10 da isowarsa. Ki nema da ladabi, ki kuma nace. Awon farko yana iya fitowa lafiya ƙalau alhali matsalar na nan, musamman in a lokacin ciwon ya lafa. Shi ya sa ake maimaita shi, ake kuma ɗibar jini a auna tiroponin, wani sinadari da ke fita daga naman zuciya idan ya ji rauni. Shi ma yakan ɗauki sa'o'i kafin ya hau, don haka akan sake ɗiba. In an ce ku kwana a sa mata ido, ku kwana. Na taɓa riƙe wata dattijuwa da awonta na farko bai nuna komai ba, tana ta yi min faɗa a kan jikokin da ta baro, jinin da aka sake ɗiba cikin dare shi ya tona asirin.

Ku tafi da duk magungunanta a leda, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan ya fi shafar maza: akwai ƙwayar da muke sa wa mai ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe, in ta haɗu da maganin ƙarfin maza jini na iya faɗuwa warwas, saboda haka wanda ya sha ya faɗa. Magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen, waɗanda tsofaffi ke sha kamar gyaɗa saboda gwiwa, ta dakata da su, suna ƙara wa zuciya hatsari kuma suna cin ciki.

In kafin ku fita ko a kan hanya nauyin ya dawo ya wuce minti biyar tana zaune bai sake ta ba, ko ya zo da gumi, amai, jiri ko haki, to ku ɗauka toshewar ce. A zaunar da ita a jingine, a sassauta mata ɗauri, ta tauna asfirin mai miligiram 300, ko ƙanana huɗu masu 75. Taunawa ake yi don ya shiga jini da wuri, aikinsa hana gudan jinin ƙaruwa. Ba a ba wanda asfirin ke yi wa borin jini ko tayar masa da asma, ko wanda ya yi aman jini ko baƙin bahaya kamar kwalta kwanan nan, ko wanda bakinsa ya karkace ko ɓarin jikinsa ya saki. Sunan "olsa" da aka laƙaba a kemis ba tare da an taɓa ganin jini ba bai kai ya hana ƙwaya ɗaya a irin wannan hali ba. Ko azumi take ta karya, shari'a ta ba mara lafiya wannan sauƙi. Ana iya gwada lambar gaggawa ta 112, amma kada jiran motar asibiti ya zaunar da ku in akwai motar maƙwabci a kusa. Addu'a da tofi a yi su a cikin mota ana tafiya.

Gaggawar tana da dalili biyu. Na farko, akwai allurar narkar da gudan jini, akwai kuma aikin zura siririyar waya ta jijiyar hannu ko cinya a buɗe hanyar a sa mata ɗan raga ya tokare ta. Amfanin allurar ya fi yawa a sa'o'i biyu zuwa uku na farko, bayan awa 12 kuwa ba a cika yin ta ba. Aikin wayar ba kowane gari ake yinsa ba, kuma yana da tsada, ba zan ɓoye miki ba. Amma ko inda babu shi, magungunan hana daskarewar jini da na rage wa zuciya aiki da na kitse suna ceton rai, kuma ana samunsu. Na biyu, a sa'o'in farko ne zuciyar da ta ji rauni ta fi rikicewa, ta koma karkarwa maimakon bugu, mutum ya yanke jiki ya faɗi. A asibiti akwai na'urar da ke dawo da ita da jan lantarki. A gida, in har haka ta faru, mutum ba ya amsawa kuma ba ya numfashin kirki, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a haɗa hannu biyu a tsakiyar ƙirji a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, har a samu taimako. Yayyafa ruwa da firfita ba sa tayar da zuciyar da ta tsaya.

Saura shawo kan Hajiya, wanda na san shi ne mai wuyar. Kada ku tsorata ta da maganar mutuwa, kada kuma ku tsaya gardamar ko olsa ce ko ba olsa ba. Ki ce mata, "Umma, awo ne kawai na minti biyar, ba allura ba yanka, in lafiya ne mu dawo tare, hankalinmu ne ba zai kwanta ba sai an yi." In akwai wanda take jin nauyinsa, ƙaninta ko malaminta ko aminiyarta, a kira shi a waya yanzu ya sa baki. Yayanki ya kawo motar kafin a gama maganar, ke kuma ki haɗa katin asibitinta da ledar magunguna da mayafinta ki riƙe a hannu.